Rubutun da ke Ƙarƙashin Sirdi

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Sha'aban 1446, da hantsi, labari ya iske ni a makarantar da nake koyarwa a Tambuwal, cewa an tsinci gawarka a gefen hanyar Fakku zuwa Kebbe. Shekararka goma sha bakwai, Nu'umanu, ɗan ƙanwata. Tun ranar nake juya al'amarinka a raina, kuma har yau ban gama gane ka ba.

Kana ɗan shekara tara ka fara zayyanar allo. Duk wanda zai yi saukar karatu a makarantar mahaifinka, Malam Sharifuddeen, hannunka yake jira. Ina tsokanarka da malam ƙarami, kai kuwa ko ɗago kai ba ka yi. Daga baya ka koma fentin babura a bakin tasha, malam ya ce ba da yawunsa ba. A nan Ɗangiwa, shugaban 'yan daban tasha, ya gano ka. Yaransa su sato babur, kai kuma ka kankare sunan mai shi da ke jiki, ka sauya launi. Da maganar ta fito fili, malam ya rantse a gabana cewa ba shi da ɗa mai sunanka. Ni ma ban raga maka ba. Na tare ka a kasuwa na wanke ka tas, na ce ka zubar mana da mutunci. Ka saurare ni har na gaji, sannan ka ce, "Kawu, in na fita ba su bari na da rai. Amma hannuna bai manta gida ba." Na ɗauka rainin hankali ne, na juya na tafi.

Ranar jana'izarka malam bai ja salla ba. Ya tura wani gaba, ya tsaya a sahun baya. Mahaifiyarka Humaira ta kwana biyu ba ta ci ba, ba don mutuwar kawai ba, sai don ka tafi da fushin uba a kanka. Ta roƙi malam ya yafe maka, ni ma na roƙe shi, ya ƙi.

Ranar sadakar uku wani manomi daga Fakku, Namadi, ya turo babur har bakin tabarma. Ya ce an sace masa shi bara. Wani bawan Allah a Sanyinna ya saya bai sani ba, da bakanike ya ɗaga sirdi sai suka ga rubutun ajami da ƙananan harufa: sunan Namadi da sunan garinsu. Mutumin ya kawo masa kayansa har gida. Namadi ya ce, "Malam, ba ni ɗaya na ba. Mu fuɗu muka samu namu haka, wanda nika da labari."

Malam ya ce a ɗaga sirdin. Ya duƙa, ya daɗe yana dubawa, yana bin harufan da yatsa. Shi ya koya maka wannan lanƙwasar, babu mai gaya masa hannun waye.

To, Nu'umanu, ga abin da nake son tambayarka. Yaushe ka fara? Ka san yaran Ɗangiwa ba su karanta ajami, shi ya sa ka zaɓe shi? Su ne suka gano, ko kuwa wani abu ne daban ya faru a hanyar nan? Kuma me ya hana ka gaya mini a kasuwa? Ko da yake na san amsar wannan. Ban ba ka dama ba, kuma abin yana ci na.

Ba na wanke ka. Ka yi aiki da ɓarayi, mutane sun yi kuka ta dalilinka. Amma na ga malam ya miƙe daga gindin babur ɗin idonsa jawur, ya shiga cikin gida, ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarka ya ce, "Humaira, ki ci abinci. Na yafe ma ɗana."

Allah Ya jiƙanka, Ya shafe laifinka kamar yadda mahaifinka ya yafe, Ya sa rubutun nan ya tsaya maka ranar hisabi. Malam Sharifuddeen, Humaira, da ƙannen Nu'umanu duka, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma, ɗana, ka yafe mini juya bayan da na yi.