Kwabon Cibiyar Hamidu

A shekarun da Turawa suka raba Illela da Ƙonni, kuɗin wuri ya fara mutuwa a kasuwa, an yi wata ungozoma ana ce mata Inna Ummu. Ga faɗa kamar me, ga sanyin hannu. Sauran mata na tara zannuwa da tasoshi, ita kuwa tsofaffin kwabban jan ƙarfe take tarawa, irin waɗanda fatake ke shigowa da su daga ƙasar Faransi, da ko mai ƙosai ba ta karɓa. Sai ta goge su da toka har su yi jawur, ta adana a batta. In cibiyar jariri ta turo, ta naɗe kwabo guda a tsumma ta ɗaure masa a kai. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar arba'in a mayar mata da abinta.

Akwai guda da ba ta ba kowa aro. Ya suɗe har zanen jikinsa ya ɓace. Shi ta ɗaura wa ɗanta Hamidu, wanda ya rasu bai kai yaye ba, kuma daga kansa ba ta sake haihuwa ba.

Wata damina haihuwa ta yi yawa, batta ta koma wayam. Sai ga Raliya, matar wani manomi a Tozai, ta sauka, cibiyar yaro a ture. Ummu ta yi ta juya kwabon Hamidu a hannu, daga bisani ta ɗaura, ranta na suya.

Arba'in ta wuce, shiru. Ummu ta ɗauki sandarta ta nufi Tozai, tana tafe tana shirya faɗan da za ta zazzage.

Ta tarar da Raliya zaune a gindin turmi, bayanta ba goyo.

"Ke ɗiyag ga, mi yah hana ki maido min kwabona?"

"Inna, yaron ya koma, yau kwana tara." Raliya ta kwance haɓar zanenta, ta miƙo kwabon a cikin tsummansa. "Na so in kawo. Kullum na tashi tahiya, sai in ji ƙamshinai a jikin tsumman, in kasa."

Faɗan duk ya zube. Ummu ta karɓa, ta daɗe riƙe da shi, tausayi ya cika ta. Sannan ta mayar a tafin Raliya, ta rufe mata yatsu a kai.

"Riƙe shi, ɗiyata. Amma kar ki wanke tsumman nan. Ni na wanke nawa, har yau ban bar da-na-sani ba."