Dutsen Niƙan Hansai

Ina zaune ina haɗa rahoton kayan tarihin da muka tono a inda layin dogo zai bi, arewa da Dawanau, sai wata tsohuwa ta durƙusa gaban dutsen niƙan da muka sa wa lamba tara. Ta shafa raminsa.

"Ɗana, wannan na innarmu ne. Ka ga ya fi cinyewa ta hagu? Bahaguwa ce. Kafin nan ya zama kufai, ƙararsa ke tashinmu da asuba."

Na ce, "Inna, takardar ba ta da gurbin sunan mai shi."

"To rubuta Hansai, ko a gefe ne."

Na rubuta.

Tun ranar nake son tuno ƙarar niƙan kakata, ta ƙi zuwa. Ku fa, wace ƙara ta gidanku kuke kewa?