Soron Kakana da Kalmar Wucin Gadi

Ni magini ne, ɗan magini, jikan magini. Boko na yi shi har aji huɗu, daga nan munka rabu lafiya, babu wanda ya riƙe wani a zuciya. Ina karanta Hausa in an ba ni lokaci da tabarau, kuma abin da zan faɗa a nan da idona na karanta shi, kada wani ya ce tsoho ya ji a bakin mutane.

Ina da taubashi, ɗan goggona. Shi bai rabu da boko ba sai da ya zama injiniya, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Tun muna ƙanana yake ce mini Zanzaro, wai ba ni da aiki sai ɗaukar laka ina liƙa wa bango. Ni kuma ina ce masa Bulo, don cikinsa da kansa duk rami ne. Wanda ya san taubasantaka ya san ƙa'idarta: taubashi zai zage ka gaban surukanka, ba ka da ikon fushi, sai dai ka rama. Shekara sittin da wani abu muna haka. Ranar da ya dawo daga Makka ma ban ce masa Alhaji ba, cewa na yi ashe jirgi na ɗaukar bulo.

Gidanmu na cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbare. Akwai zaure, akwai kuma soro a ciki wanda kakana ya gina da tubali, ya rufe da azara. A ciki anka haifi babana, a ciki ya cika. Wata damina bangon gabas ya tsage, tsaga mai shigar hannu. Babban ɗana, wanda ke sayar da atamfa a kasuwa, ya ce a rushe a yi na bulo da kwano kamar na kowa. Na ce gyara za a yi, da ƙasa, yadda mai shi ya bar shi. Munka yi ta ja har bazara ta shigo.

A cikin wannan bazarar ce, wata azahar, Bulo ya faɗo zaurena yana tsiyayar zufa. Gidansa na sabuwar unguwa, duk gilashi, in an ɗauke wuta kuwa gwamma tanderun gurasa. Ya zube a tabarma ya yi ajiyar zuciya.

"Zanzaro, ramin nan naka akwai sanyi."

"Ba a biyan kuɗin wuta a rami. Mi ya koro ka?"

Ya ce an sa shi cikin wani kwamiti da zai rubuta ƙa'idojin gina gidajen zama, wai koren gini.

Na gyara zama, na haɗe fuska. Na ce wannan shawara ta yi, sai dai ina tausayin masu sayar da farin fenti. Na tambaye shi ko har akurkin kaji za a shafa wa kore, ko su an yafe musu.

Ya ce in daina jahilci. Koren gini shi ne gidan da ke sanyaya kansa, ba ya shan wuta da yawa, ba ya ɓarnar ruwa, kayan gininsa ba daga nesa anka ɗauko su ba.

Na dubi bango, na dubi azara, na dube shi. Na ce, "To Bulo, kai da ka yi digiri, yanzu a cikin mi kake zaune?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce abin da ya kawo shi ke nan. Yana son in faɗa masa duk abin da na sani, a sa a takarda, don kada ya bi ni kabari.

Ban ɓoye masa komai ba. Mako da mako yana zuwa da tef ɗin awo da littafi da wani ɗan ma'aunin zafi da yake ratayawa a ƙusa. Na nuna masa kaurin bango, kamu biyu a gindi, yana sirancewa zuwa sama. Na nuna masa dalilin da ya sa taga take ƙarama kuma can sama, don iska mai zafi sama take gudu. Na ce kada a buɗe wa yamma baki, a dasa mata dogon yaro ya tare ranar la'asar. Na kai shi wajen Kwalkwalawa inda babana ke ɗibar jar ƙasa. Na nuna masa yadda ake kwaɓa ta da ciyawa a bar ta tana kwana ana juyawa, da yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba a yaɓe bango, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Ya tambaye ni kwana nawa ƙasa ke yi kafin ta nuna. Na ce ba kwana ake ƙirgawa ba, shinshinawa ake yi, hanci ne ke faɗa. Ya rubuta. Wallahi na ga alƙalaminsa na motsi.

Daga nan kaina ya kumbura. Na kira ɗana gaban ƙannensa da limamin unguwa, na ce kowa ya shaida: takarda na nan tafe daga masu ilimi. In ta ce ginin ƙasa gini ne, za a gyara soro da ƙasa, ba mai sake yi mini zancen bulo. In ta ce ba gini ba ne, na ba shi soron ya yi yadda ya so. Ɗana ya ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce ai marubucin takardar a zaurena yake shan iska. Liman ya shafa fatiha.

Anka kira taro a wani babban otal, anka gayyace ni. Na sa babbar rigata ta Sallah. Ɗakin taron babu taga ko ɗaya a buɗe, janareta na ruri a baya, na'urar sanyi na busa har sai da na naɗe hannuwana cikin riga. A nan munka wuni ana tattauna yadda gida zai yi sanyi ba da wuta ba. Na so in yi magana kan haka, na tuna shinkafar da za a raba, na yi shiru.

Bayan azahar Bulo ya tashi ya gabatar da ni. Bai ce Zanzaro ba. Ya ce ga dattijo, taskar ilimin gini, wanda ya kamata jami'a ta zo ta durƙusa gabansa. Anka ba ni abin magana, na yi bayani, anka tafa. Wata mata mai tabarau ta ce maganata ta sa ta hawaye. Washegari 'yan kwamitin sunka zo gida da mai hoto, sunka tsayar da ni gaban soron, ta gefen da bai tsage ba.

Bayan wata uku daftarin ya fito, da Turanci da fassarar Hausa a baya. Ga ni nan a bangon littafin, na sha rawani, soron kakana a bayana. Na kwana biyu ban buɗe ba, ina dai zagayawa da shi majalisa ana gani. Rana ta uku da hantsi na sa tabarau na fara bi layi-layi da yatsa. Ga tagata can sama. Ga dogon yarona a yamma. Ga kaurin bango. Duk maganata ce, an dai sa mata lambobi. Ina karantawa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Sai na iso wani shafi kusa da ƙarshe. An ce gidan zama za a gina shi da bulo, ko jan bulo, ko tubalin da inji ya matse da siminti a ciki. Ginin ƙasa na gargajiya kuwa za a ɗauke shi a matsayin ginin wucin gadi, ba za a ba da izinin sabunta shi ko sake gina shi a cikin gari ba.

Na karanta sau uku. Sannan na fashe da dariya, na ce ja'iri, ya kama ni. Na ɗauka Bulo ya sa an buga wannan shafi a nawa kofin littafin ni kaɗai don ya ga idona. Irin aikinsa ne, ya taɓa aiko mini da katin ɗaurin aurena da wata tsohuwa mai ƙosai. Na hau ɗan acaɓa har gidansa ina shirya ramuwa a hanya.

Na same shi a baranda. Na ɗaga littafin na ce, "Bulo, wannan karon ka ci. Nawa ka ba mai buga takarda?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in zauna.

"Ba wasa ba ne, Zanzaro. Haka yake a kowane kofi."

Ya fara bayani. Ya ce doka lamba take so. Bulo ana kai shi ɗakin gwaji a danne shi a ga nauyin da zai ɗauka. Tubalina fa? Ya ce, "Ba a rubuta hanci a doka." Ya ce duk damina bangon ƙasa na faɗa wa mutane, in sunka sa hannu wani ya mutu, su za a tambaya.

Na ce bangon da ke faɗuwa na wanda ya yi gaggawa ne, ko ya bar yaɓe shekara biyar. Na ce kuma na taɓa ganin benen bulo ya durƙusa kamar raƙumi, ban ji an ce masa wucin gadi ba. Amma ban ƙi maganarsa duka ba, akwai gaskiya a ciki, ni ma na taɓa tono mutum daga ƙarƙashin bango. Abin da na tambaye shi ɗaya ne.

"Yaushe kunka yanke wannan?"

Ya dubi takalminsa. "Tun zaman farko."

"Kafin ka zo zaurena da tef?"

"Kafin nan."

"Kana nan ɗana ya zo gaishe ka, ya faɗa maka alkawarin da na yi gaban liman. Mi ka ce masa?"

"Na ce Allah ya sa alheri."

Sai ya nemi mafita ta inda ya saba. Ya taɓa gwiwata ya ce, "Haba Zanzaro, duniyar ma ai wucin gadi ce."

Maganar ta yi daɗi, da ni na faɗe ta da an yi dariya. Na nemi abin ramawa a bakina, a karo na farko tun ina yaro ban samu ba. Na yi masa sallama na fito.

Ɗana bai yi mini gori ba, Allah ya yi masa albarka. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, in kana so a bar maganar." Na ce fatiha anka shafa, ba a mayar da ita. Bayan Sallah ƙarama ya kawo leburori.

Ina so a rubuta wannan da lamba, tunda lamba ake so: ginin wucin gadin nan, ƙarti shida da diga sunka kwana huɗu suna dukansa kafin ya yarda ya kwanta. Diga biyu sunka karye. Azarar da anka sauke ko gara ba ta taɓa ba, wani maƙwabci ya roƙa ya yi rumfa da ita. Ni ina zaure ina jin kowane sara, ban leƙa ba. Da anka gama na shiga na ɗauki tubali guda, akwai shatin yatsu huɗu a jikinsa. Ban san ko na kakana ne ko na wani lebura ba. Yana nan kan taga.

Sabon ɗakin ya yi kyau, ban hana shi ba. An bi littafin sak, taga can sama, an dasa dogon yaro a yamma, tsawonsa yanzu ya kai ƙuguna. In Allah ya ba jikokina rai za su sha inuwa. Kafin nan dai, daga watan bazara ba mai iya zama ciki da rana, har wanda ya gina shi zaure yake gudowa. Daftarin kuma har yau ban ji an mai da shi doka ba. An ce yana cikin wata durowa ana nazari.

Bayan rushewar da mako biyu Bulo ya zo. Ya tsaya bakin zaure ya ce, "Zanzaro, an rushe maka sheƙa?"

Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji Injiniya. Sannu da zuwa. Bismilla."

Na kakkaɓe kujera na ba shi, ni na zauna ƙasa. Na sa anka kawo ruwa a kofin baƙi. Na tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, da gajiya, da zafi. Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Kai, bari wannan. Zage ni mana."

"Subhanallahi, ranka ya daɗe. Ni wa?"

"Don Allah ka ce mini Bulo."

Na ce ai bulo abin daraja ne yanzu, ba a wasa da sunansa.

Bazara biyu ke nan. Yana zuwa har yanzu in an ɗauke wuta, don zauren na nan, bai tsage ba tukuna. Ina miƙe masa, ina ba shi kujera, ina raka shi har bakin mota in buɗe masa ƙofa. Matata ta ce abin ya isa, mutumin ya rame. Na ce mi na yi masa? Duk unguwar nan a tambaya, babu wanda nake girmamawa kamarsa.