Yatsun Baba a Hoton Jarrabawata

Har yau ban san ko mun karya dokar Baba ko ba mu karya ba. Na sha juya abin a raina, kullum inda na fara nan nake komowa.

Ina da shekara goma sha shida dattawan layinmu a Unguwar Kanawa suka yi zama a kan yara. Wai sun daina zuwa Islamiyya, sun tare a gidan kallon ƙwallo da kafe, shagon intanet ɗin bakin titi. Aka yanke cewa duk wanda bai kai goma sha takwas ba kada ya ƙara taka waɗannan wurare. Baba ne sakatare, don shi ne ma'aikacin gwamnati da ya iya tsara takarda. Abin da ya fara ɗaure mini kai, a kafen aka buga takardar, mai kafen ne kuma ya manna ta a ƙofarsa, ga sa hannun Baba ɓaro-ɓaro a ƙasa.

Ni dokar ba ta dame ni ba. Ban taɓa shiga kafe ba, ban ma san me ake yi a ciki ba. Sai da lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya zo.

Baba ya zuba takarduna a ambulan ya tafi shi kaɗai, ya dawo da su yadda ya tafi da su. An ce masa sai mai jarrabawar ta zo da kanta, a ɗauki hotonta a wurin, ta dangwala yatsa a na'ura. Mama ta ce ya kai ni wata unguwa mana. Ya ce shi ba zai hana 'ya'yan mutane abu ya zagaya da tasa ba. Kwanaki suka yi ta tafiya. Ni kuwa na san in aka rufe rajistar, shekara guda zan yi a gida ina wanke-wanke, ƙawayena suna makaranta.

Ranar rufewa da hantsi ya ce in sa hijabi. Ya zura farar babbar rigarsa, muka tafi. Muna isa ƙofar kafen ya ja ya tsaya, daidai gaban takardarsa.

Mai kafen ya fito da sauri. "Alhaji, sannu da zuwa. Ku shigo mana."

"Ba ta kai ba," in ji Baba.

"Ai tare kuke, ranka ya daɗe."

"Takardar ba ta ce in da uba a shiga ba."

"To a gyara ta mana."

"Sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe ke nan?"

"Ƙarshen wata."

Na ji kamar in kurma ihu. To me ya kawo mu? Na leƙa ciki, sai ga 'yan ajinmu biyu zaune a benci, ɗaya ma ɗan shugaban kwamitin ne. Ta ƙofar baya suka shiga. Baba ya gan su sarai, ya kau da kai. Na rasa da wa zan yi fushi, sai kawai hawaye.

Baba ya daɗe yana kallon tagar shagon, wadda ke gefe ta wajen kwata. Can ya ce, "Malam, wayar na'urar taka za ta kai nan?"

Mai kafen ya ja tebur har jikin taga. Na tsallaka kwata, na zura hannu ta tsakanin ƙarafa na dangwala. Sau uku tana ƙi, a na huɗu ta karɓa. Masu wucewa suka fara tsayawa, wata mai awara har da sauke farantinta. Kunya kamar in nutse.

Saura hoto. Mai kafen ya miƙo 'yar kyamararsa, ya duba, ya girgiza kai. "Alhaji, sai da farin bango a bayanta. Nan titi ne da babura ke fitowa."

Baba mutum ne da ko shagon ƙofar gida ba ya zuwa sai da babbar riga. Ina kallo ya tuɓe ta a bakin titi, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Ya tsaya a bayana, ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

"Daina kukan nan," ya ce daga bayan rigar. "Kalli gabanki."

A hanyar gida na tambaye shi, "Baba, yanzu na shiga ko ban shiga ba?"

Ya ce, "Hannunki ya shiga."

Muka ci gaba da tafiya. Takardar dokar ta yi ta zama a ƙofar kafen har ruwan sama ya cinye ta, ba wanda ya taɓa gyara ta. Na ci jarrabawar. Kafen ma yanzu shagon ɗinki ne, yara kuwa intanet ɗin yana cikin wayoyinsu a aljihu.

Wani lokaci in ce taurin kai ne ya sa ya tsayar da ni kan kwata mutane suna kallo, raina ya ɓaci sabo. Wani lokaci in ce ba haka ba ne. Na so in sake tambayarsa da na girma, na yi ta cewa sai wani zuwan, har Allah ya karɓi abinsa.

Takardar rajistar tana cikin akwatina. Idona a kumbure ya fito a hoton. A can sama ta dama, inda mai kafen bai yanke da kyau ba, akwai yatsu uku riƙe da bakin riga. Shi ne kaɗai hoton da muka taɓa ɗauka tare.