Ƙwayar Shuɗin Haske

Shuɗin hasken da ke kan ɗana ne ya mayar da ni tsakar gidanmu. Yana kwance cikin akwatin gilashi, tsirara, an rufe masa idanu da ƙyalle, jikinsa ɗorawa kamar an shafa masa gangamau. Shawara ce, in ji malamar asibiti. Ko suna ba a yi masa ba.

Ni ban yi nisa a lakkwal, wato makarantar boko, ba, ku yi mini haƙuri idan na karkace. Abin da na sani game da haske, a bakin Kawu na ji shi, ƙanen Inna da ke koyarwa a koleji a Tasawa. Yakan zo ƙauyenmu, kusa da Atantane, lokacin girbi, sa'ad da damman gero suka cika tsakar gida, ƙaiƙayi yana shiga wuyan riga. Wata rana muna cikin bukka, rana ta ratso ta hudar jinka ta sauka kan tabarma, na sa hannu ina son in kama ta. Ya ce mini haske ba ya zuba kamar ruwa, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa kamar gero, sai dai ƙwayar ta yi ƙanƙantar da ido ba ya rarrabe ta.

Ya fito da ni waje. Ya ɗebi gero cikin tafin hannu ya watsa wa wani tsohon tulu, ya sake, ya sake. Tulu bai ji komai ba. Sai ya ɗauki tsakuwa ɗaya mai nauyi ya jefa, tulu ya tsage. Ya ce haka launin haske yake: ƙwayar jan haske ba ta da ƙarfi sosai, ta shuɗi ta fi ta. Akwai aikin da ko an tara jan haske cike da ɗaki ba zai yi ba, sai ƙwaya mai ƙarfi ce ke yinsa.

Kakata tana gefe tana tankaɗe. Ta ce, "To malamin fasa tulu, wanga shi ne bokon da aka kai ka ka koyo? Gobe sai ka ɗebo muna ruwa da ƙwayar haske." Muka yi ta dariya, har shi.

A sanyin shekarar nan Inna ta haihu, namiji. Aka yi yadda aka saba: aka toshe taga da tsumma, aka saki labule, aka hura wuta a ɗakin mai jego. Jariri ba ya fita sai ranar suna. Ina tuna ƙamshin kunun kanwa da hayaƙi, da yadda jan harshen wuta ke mayar da fuskar kowa launi ɗaya. A cikin wannan haske ba wanda ya ga yaron ya sauya. Ya daina kama nono, ya riƙa wani siririn kuka yana banƙarewa. Ranar da aka fito da shi tsakar gida, a naɗe cikin likkafani aka fito da shi. Ni na ga tafin ƙafarsa da ya leƙo, ɗorawa shar. Ragon sunansa ya kai har Layya a ɗaure.

Inna ba ta ƙara zancensa ba. Kawu ma ya riga mu gidan gaskiya bayan wasu shekaru, ban taɓa haɗa maganarsa da wannan tafin ƙafa ba sai yanzu.

Ɗazu surukata ta iso daga ƙauye a bayan moto mai ƙafa biyu, ta ga jikanta, ta rufe baki da mayafi. Ta ce, "Ɗiyata, jibi suna. An sayi goro, an gaya ma mutane. Ki ɗauko shi mu tahi, in hura mashi wuta. Wane irin magani ne a tuɓe jinjiri a ƙasan fitila?" Ban taɓa musa mata magana ba tun da aka kawo ni gidanta. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, wuta ba za ta yi ba." Ta ce ai wuta ma haske ce. Na buɗe baki in yi mata bayanin tulu da tsakuwa, kuka ya ƙwace mini.

A da ɓoye jariri muke yi daga haske don muna ƙaunarsa. Yau an ce in miƙa shi ga haske, ko rungumarsa ban da iko sai lokacin shayarwa. Malamar ta ce shuɗin ne ke farfasa abin da ya taru a jikinsa har ya fita, amma ba ta ce mini zai tashi ba, ta ce a jira. Surukata ta zauna bakin ƙofa da ƙullin goronta, ba ta tafi ba.

Ni kuwa ina nan na kafa ido a tafin ƙafarsa. Ya Allah, kowace ƙwaya ta faɗa inda ya kamata. Goro ya bushe, a sayi wani. Wannan yaron sai ya ji sunansa.