Darar Buhari da Bawa

Har in koma ga Mahaliccina ba ni mantawa da ranar Alhamis ɗin da na kai wa maigidana alƙali rahoton wata dara. Ku da kuka fara aikin nan bana, ku saurara, don wautata ce zan ba ku.

Lokacin ina magatakarda wurin wani alƙali a ƙasar Tambuwal. Aikina rubuta shari'a, kuma in anka soki mai shaida, ni ake aikawa in binciko halinsa. Ƙa'ida ce: ba a karɓar shaidar mutum sai an tabbata adali ne, ba shi da tabo.

Cikin watan Rajab wata gwauruwa, Hajo, ta kawo ƙarar ƙanen mijinta, ya shiga gonar marayunta a Fakku. Cikin waɗanda sunka ga an dasa iyaka, biyu sunka rage: wani makiyayi, da wani tsoho, Buhari na Kebbe. Ana son shaidu biyu. In shaidar Buhari ta faɗi, gona ta tafi.

Ƙanen mijin ya ce, "Allah shi gafarta malam, wanga da ya saci kara cikin dara? Kowa ya sani."

Ga asalin maganar. Shekaru da dama baya, Buhari da Bawa na Sanyinna, gwanayen dara biyu da ba a da kamarsu, sunka kara ranar kasuwa. Gurbi talatin ne a ƙasa, kowa da ɗiya goma sha biyu, Buhari karare, Bawa duwatsu. Ka jera uku ka ci ɗan abokinka. Ka jera huɗu, banza ce. Anka kira la'asar, sunka kife faifai bisa wasan kamar yadda aka saba, anka tafi masallaci. Da sunka dawo Buhari ya ci. Nan Bawa ya yi tsalle ya ce an gusa kara ɗaya. 'Yan kallo sunka ce lalle an gusa, kuma Buhari ya riga kowa fitowa daga salla. Shi ke nan, suna ya bi shi.

Alƙali ya ce mini, "Tafi ka gano gaskiyarta."

Bawa ya riga mu gidan gaskiya, sai na fara da ƙanensa Isa a Sanyinna, wanda ya kalli wasan. Ya tona gurabu ya jera mini yadda aka bar shi kafin salla, na zana bisa takarda. Na wuce Kebbe. Na iske Buhari ƙarƙashin wata tsamiya shi kaɗai, ido ya fara shigewa. Ban nuna masa takardar ba. Ya jera, ya zo daidai da na Isa, ɗa bisa ɗa.

Ya ce, "Ɗana, dubi karan ga. Kafin salla nan yake, gurbi na biyu. Taki ɗaya ya rage in hau doki."

Doki shi ne ka sami kara ɗaya da in ya je ya cika uku, in ya dawo ya cika wasu uku, ka yi ta ci ba hutu.

"Bayan salla fa, Baba?"

Ya gusa shi gurbi na uku. Na duba. Jerin ya koma huɗu, mushe, doki ya mutu. Munka buga shi iri biyu har sau uku. Da karan a wurinsa na fari, taki shida ya gama da Bawa. Da aka gusa shi, sai da ya yi taki ashirin da wani abu, da ƙyar da jiɓin goshi. Wa ke sata don ya cuci kansa?

Na ce, "To wa ya gusa?"

Ya ce, "Ban gani ba. Ko kaza, ko mutum. Bawa na kwance cikin kabari, ba ya iya amsawa, ba ni ɗora mai."

"Ya aka yi ba ka manta ko taki ɗaya ba?"

"Mi zai sa in manta? Kullum sai na jera darar nan. Ba mai zama da ni, sai ita."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, na komo ina ji da kaina. Ranar Alhamis na shimfiɗa takarda gaban alƙali da muhutinsa, wato mai taya shi duba littafi. Na bayyana taki bayan taki. Alƙali ya gyaɗa kai ya ce, "Bai yi sata ba." Da na tsaya nan da an gama. Amma bakina! Don in ƙara masa daraja sai na ce, "Allah shi gafarta malam, ba ya mantuwa, kullum sai ya jera wasan nan, tun daga ranar har yau."

Muhuti ya ɗago kai. "Kullum?"

Na ce, "Kullum."

Ya buɗe littafi ya nuna wa alƙali. Wanda ke taɓa irin wannan wasa jefi-jefi, ana karɓar shaidarsa. Wanda ya lizimce shi kullum, ba a karɓa. Na san babin, na karance shi da kaina, zumuɗi ya rufe mini ido. Alƙali ya dube ni ya ce, "Kai ka faɗa, gaban mutane. Rubuta."

Da hannuna na rubuta faɗuwar shaidarsa. Hajo ta ja mayafi ta fita, ba ta ko dube ni ba. Da damina na bi ta Fakku na ga ƙanen mijin na huɗa a gonar.

Buhari ya aiko mini da godiya, wai ya ji an ce ba ɓarawo ba ne. Ban iya komawa Kebbe ba har ya rasu.

Abin da na koya, aikinmu ba ya son ƙari. An aike ka tambaya ɗaya, kawo amsa ɗaya, ka kama bakinka, ko da alheri kake nufi. Takardar zanen tana cikin gafakata har yau, ban taɓa sake buɗe ta ba.