Mujallar Kaka Rao da Na Yayyanka

Wata Asabar cikin watan azumi, ina 'yar shekara tara, na laɓe a bayan ƙofar falonmu da ke unguwar Longsight a Manchester, ina jin maƙwabcinmu Mista Rao yana tambayar Baba ko mai kawo wasiƙu ya jefo wata ambulan mai ruwan ƙasa ta ƙofarmu bisa kuskure. Zuwansa na uku ke nan a mako guda. Baba ya ce bai gani ba. Ni kuwa na gani, har na farke ta kwana goma da suka wuce.

Mista Rao tsoho ne ɗan kudancin Indiya da ya yi ritaya daga tuƙin bas, yaran layinmu muna kiransa Kaka. Duk wata ana aiko masa da mujallar adabi ta harshensu, Kannada. Mahaifinsa ne ya fara sayenta tun tana 'yar siririya ba hoto, shi kuma ya taho Ingila da tsofaffin mujallun a akwatin ƙarfe, ya ci gaba da tarawa. In Mama ta aike ni kai masa ƙosai, sai ya nuna mini su a jere shekara-shekara, ya taɓa ta farko ya ce, "Wannan ta girme ni." Rubutun ya burge ni, zagaye-zagaye kamar ƙananan zobba. To da malamarmu ta ce kowa ya kawo rubutun wata ƙasa a liƙa a bangon aji, ga kuma ambulan a ƙofarmu, sai na ɗauki almakashi.

Washegarin zuwansa na uku Mama ta gano ragowar mujallar a ƙarƙashin katifata tana canza zanin gado. Baba bai yi faɗa ba, ni kuwa na fi tsoron hakan. Cewa kawai ya yi, "Kwashe su, ki wuce gaba."

Kaka ya baje guntayen a kan teburinsa. Ina ta kallon hannunsa, ina jiran ya kore mu. Can ya gaya wa Baba cewa matarsa, wadda ta rasu bara, labari ɗaya ta taɓa rubutawa a rayuwarta. Daga gadon asibiti ta aika shi, ta hana shi karantawa sai an buga, kuma a wannan fitowar aka buga shi. Baba ya ce zai sa a aiko da wata. Kaka ya girgiza kai ya ce, "Malam, na gaji da jira." Muka zauna da salatef muna haɗa shafukan, shi yana nuna gurbin kowane guntu. Da muka gama, ƙarshen labarin babu shi. Yana bangon ajinmu.

Ranar Litinin ya sa kwat ya biyo ni makaranta, ina tafe ina addu'ar kada a ce an cire. Yana nan, tsakanin Larabci da Sinanci, na liƙa shi a kife. Kaka ya karkata kai ya karanta a fili da harshensu. Ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce a hankali, "Ashe ta bar su sun koma gida." Malama ta ɓare takardar ta miƙa masa. Ya ce a mayar da ita, amma a miƙe.

Yanzu a Small Heath nake da iyalina. 'Ya'yana a waya suke karanta komai, ba su san jiran wata guda don labari ba. Kaka ya rasu bayan mun bar Manchester, ban kuma san hannun da mujallunsa suka faɗa ba. Kunya ta hana ni tambayarsa su wane ne suka koma gida, yau kuma babu wanda zan tambaya.